Yadda Za Mu Riƙe Tsofaffinmu Masu Gigin Tsufa Idan An Yi Musu Rasuwa

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai fataucin goro, ya yi a taron wata-wata a Sabon Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.)





Da sakatare ya ce ni zan yi magana a wannan wata, na ce masa ya sake shawara. Ni ba likita ba ne, kuma ba malami ba ne. Karatuna na Islamiyya ne, sana'ata goro. Ya ce ai shi ya sa, domin abin a gidana ya faru, kuma kowa a layinmu ya gani. To, shi ke nan. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na tambayo wurin masana. Inda na yi kuskure malamai su gyara mini.

Da yawanku kun san Gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. An kawo ta garin nan tana amarya, ta zauna da Malam shekara hamsin da 'yan kai. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Kamar shekara huɗu kafin rasuwar Malam muka fara ganin canji. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta yi sallar Azahar sau biyu. Ta ɓoye kuɗi a cikin kwalla, ta ce jikokinta sun sace. Muka ce tsufa ne. Malam ne ya rufa mata asiri, ba mu san iyakar abin ba sai da ya tafi. Ashe shi ke tuna mata ta ci abinci, shi ke ce mata an kira salla, shi ke nemo mata takalmi.

Malam ya rasu ranar wata Laraba da asuba, Allah ya jiƙansa. Muka taru muka ce kada a gaya mata, ba za ta iya ɗauka ba. Aka kai ta gidan maƙwabta, aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi. Da la'asar wata baiwar Allah ta zo gaisuwa, ba ta san da shawararmu ba, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Jama'a, kukan da ta yi ranar nan har yau ina jin sa a kunnena.

Washegari bayan Magariba ina zaune a ɗakinta sai ta ce, "Babana, Malam bai dawo daga masallaci ba? Tuwonsa ya huce." Na ce, "Gwaggo, ai Malam ya rasu jiya." Ta dafe ƙirji ta fasa kuka kamar yanzu ta fara ji. Kuma gaskiya ne, a wurinta yanzu ta fara ji. Jibi ta sake tambaya, na sake faɗa. Gata ma haka. Kwana biyar ina kashe mata miji kullum da bakina, ina ganin gaskiya nake faɗa, har na fara yi mata tsawa ina cewa, "Sau nawa zan gaya miki?" Ta daina cin abinci. Ta daina barci. Ranar na shida matata ta tare ni a zaure ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, matar nan za ta bi shi." Daga nan na tashi neman sani.

Abu na farko da na sani shi ne, wannan abu ciwo ne. Mu muna ce masa gigin tsufa, wasu su ce ruɗewa, asibiti kuma suna ce masa ciwon mantuwa. Ba kowane tsoho yake samu ba. Kun san tsofaffi 'yan shekara casa'in a unguwar nan da za su lissafa muku bashin da suke bi tun zamanin sule da sisi. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana irinsa mafi yawa a shekarar 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya a garin Frankfurt, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Akwai kuma irin da hawan jini da shanyewar jiki ke jawowa, domin jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu suke. Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. A nan garin namu, tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan suka haɗa kai da na Indianapolis ta Amurka, suka bi tsofaffin Yarbawa gida-gida a wajen Idikan. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna cewa cikin tsofaffi 100 'yan shekara 65 zuwa sama, wajen 2 ne ke da shi a Ibadan, a can kuwa cikin baƙaƙen fata wajen 8. Namu bai kai nasu ba, amma akwai shi. Mu Musulmi ma bai kamata ya zo mana da mamaki ba. Duk wanda ya yi karatu ya wuce ta aya ta 70 a Suratun Nahli da aya ta 5 a Suratul Hajji, inda aka ambaci matakin tsufan da sani ke kuɓuce wa mutum bayan dā ya sani.

Abu na biyu, yadda ciwon ke aiki. Sabon labari shi ke fara ɓacewa, tsohon labari ya daɗe. Kamar huhun goro ne da ruwa ya shiga ta sama: na bakin huhu ya lalace, na ƙasa yana nan garau. Gwaggo za ta faɗa maka sunan ƙawayen da suka rako ta ranar aure, da launin zanen da ta ɗaura a jirgin ƙasa, amma ba ta san ko ta karya kumallo ba. Rasuwar Malam sabon labari ne, ba shi da wurin zama. Aurenta da shi tsohon labari ne, yana nan daram.

Amma ga inda abin tausayin yake, kuma ina so kowa ya riƙe wannan. Labari yana ɓacewa, amma abin da zuciya ta ji ba ya ɓacewa tare da shi. Idan ka sa ta kuka da safe, zuwa hantsi ta manta dalili, amma baƙin cikin na nan har dare, ba ta san daga ina ya zo ba. Haka kuma idan ka sa ta dariya. Saboda haka masu cewa "ai ba ta san an yi ba, ba ruwanta" sun yi kuskure. Ta sani, ta hanyarta. Ta ga buzun Malam ba kowa a kai. Ta ji ɗakin ya yi shiru. Makokinta ba da baki take yinsa ba, da jiki take yi: ƙin abinci, sintiri a tsakar gida, ɗaure kaya ta ce za ta tafi, faɗa ba dalili, musamman da almuru.

Ƙanena yana da 'ya da ke aiki a Ingila, a gidan da ake kula da tsofaffi. Can gidaje ne da yawa, kuma yawancin mazauna cikinsu masu irin wannan ciwon ne. Na kira ta a waya, muka yi wajen awa guda. Ta ce, "Baffa, mu kullum cikinsa muke. Tsohuwa mijinta na zuwa duba ta kowace rana, rana ɗaya ya rasu, ta zauna bakin ƙofa tana jiransa. Ko biyu da ke cin abinci teburi ɗaya shekara uku, ɗaya ya rasu, ɗayan ya ƙi ci." Ta ce dā can ɓoyewa ake yi, a fitar da gawa ta ƙofar baya, a kwashe kaya, kada kowa ya yi magana. Yanzu an gane cewa wannan ba ya hana baƙin ciki, sai dai ya bar tsoho shi kaɗai da shi. Mu ba mu saba kai iyayenmu irin waɗannan gidaje ba, ko da yake akwai su a Legas da nan Ibadan, na gwamnati da na mishan da na 'yan kasuwa. Amma mu faɗi gaskiya. Ɗakin nan na ƙarshen gida da muke ajiye tsoho, a miƙa masa kwano a ja ƙofa, wani lokacin gara gidan tsofaffin da shi.

Ga abin da na koya daga gare ta, da likitan da ya duba Gwaggo, da kuma kuskurena.

Na ɗaya, a gaya masa. Haƙƙinsa ne ya ji, ko da sau ɗaya. Mutum ɗaya zai faɗa, wanda ya fi sabawa da shi, ba taro ba. A zaɓi lokacin da kansa ya fi zama daidai, yawanci da hantsi ne bayan ya karya. A zauna kusa, a riƙe hannunsa, a faɗa a taƙaice: "Gwaggo, Malam ya rasu." Kada a ce "Malam ya tafi" ko "mun yi rashi", domin za ta ce ina ya tafi, me aka rasa. Bayan an faɗa kada a tashi. A bar ta ta yi kukanta, a yi addu'a tare. Idan jikinta zai ɗauka, a kai ta ta yi masa addu'a kafin a fitar da shi. Wannan ne na hana Gwaggo, shekara hamsin na aure, kuma ina neman gafarar Allah a kai.

Na biyu, zaman makoki. Kada a zaunar da ita tsakiyar mata arba'in kwana uku, kowa ya shigo ya ce ya haƙuri. Ku lissafa: mai gaisuwa ɗari, mutuwa ɗari ke nan a wurinta. A sa mace ɗaya a bakin ƙofa ta riƙa yi wa masu zuwa bayani. Su shiga bibbiyu, su faɗi sunansu da na iyayensu, su gaishe ta, su yi addu'a, su fito. Ladan ta'aziyya ba ya raguwa don an yi ta da hankali.

Na uku, shi ne mai wuya. Idan ta sake tambaya fa? Ni abin da ya dame ni ƙarya ce, domin tun muna yara aka tsoratar da mu a kanta. Na je wurin malamin da ya karantar da mu. Ya ce, "Tsakanin ƙarya da cutarwa akwai fili mai faɗi, kai ne ka matse shi. Wa ya ce dole ka amsa da e ko a'a?" Ya tuna mini cewa shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, amma ba ta ɗauke shi daga kan mai jinyarsa ba.

Sai na fara sauraren abin da ke bayan tambayar. Idan ta ce ina Malam, sai in ce, "Gwaggo, kina kewarsa ne? Ba ni labarin ranar da ya kawo ki garin nan." Sai fuskarta ta washe, ta kama labarin tashar jirgi da yadda ta ƙi cin amala wata uku. Kafin ta gama, abin ya wuce. Wani lokacin ina magana ina cewa, "Allah ya jiƙan Malam, ya so fura da nono," sai ta amsa da kanta, "Amin, ai ya rasu ko?" In ce e. Ta yi shiru, ta share hawaye, ba ihu. Ranar da ta dube ni ido da ido ta ce, "Babana, gaya mini gaskiya, ya mutu?" ba na ɓoye mata. Ranar da take can shekara arba'in baya, tana jiran ya dawo daga tashar motar goro, ba na jawo ta in jefa ta cikin makoki. Kuma duk gida mu yi baki ɗaya. Kada wannan ya ce ya rasu, wancan ya ce ya je Kano, yaro ya ce yana asibiti.

Na kuma lura cewa tambayar tana da lokaci. Bayan Magariba ce, lokacin da Malam kan dawo ya miƙa mata goro ɗaya fari, su zauna. Ashe ba Malam kaɗai ta rasa ba, ta rasa agogonta. Sai na ɗauki wannan aikin. In na fito masallaci ba na tsayawa hira, in wuce ɗakinta da goronta a aljihu. Wallahi tambayar ta ragu fiye da rabi. Don haka ku duba abin da mamacin ke yi wa tsohon, wani ya gaje shi. Wannan gadon ba a rububinsa, amma ya fi gida da fili lada.

Na huɗu, kada a yi gaggawar kwashe kayan mamaci. Mun bar mata carbinsa da buzunsa da bargonsa, da yardar magada. Tana riƙe carbin ta yi barci. Amma a lura, kowa da irin tasa. Akwai hotonsa da in ta gani sai ta tayar da hankali, muka ɗauke. Karatun Alƙur'ani kuwa, surorin da ta haddace tana yarinya suna nan ba su goge ba. Matar da ba ta san sunan jikanta ba, in aka ja mata baƙi sai ta ƙarasa. Maganar takaba, wata huɗu da kwana goma, mu muka riƙe mata lissafi, ba mu tsananta mata a kan abin da ba za ta iya riƙewa ba. Kowa ya tambayi malamai a kan nasa halin.

Na biyar, wannan namu ne mu mazauna kudu. Da an yi arba'in sai dangi su zo daga Arewa su ce a ba su tsohuwa su mai da ta gida. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma a yi tunani. Matar da ta shekara hamsin a ɗaki ɗaya, ƙafarta ta san hanyar bayi ko da kanta ya manta. Ka ɗauke ta kwana guda a mota, ka sauke ta cikin mutanen da ba ta gane ba, ka haɗa mata rashi biyu. Ko da ta ce "gida za ni", sau da yawa gidan da take nufi gidan ubanta ne na ƙuruciya, da mutanen da duk sun rasu. Babu motar da ke zuwa can. In dole ne a tafi da ita, a tafi da wanda ta saba da shi da kayan ɗakinta.

Sannan akwai haɗarin fita. Mai wannan ciwo yakan fita neman wanda ya rasa. Kuma harshen da mutum ya koya da girma shi ke fara zubewa. Gwaggo da take ciniki da Yarbanci kamar an haife ta a Oja'ba, yanzu ko gaisuwa ba ta iyawa. Ku hango tsohuwa da tsakar dare, ba ɗankwali, a unguwar da ba a san ta ba, tana magana ba a gane ta. Duk mun sha jin an tara wa irinsu jama'a an ce mayya ce, har a yi musu duka. Mu ɗin ma ba mu kuɓuta daga wannan zargin ba a tsakaninmu. Sau ɗaya Gwaggo ta fita, ɗan acaɓa ya gane ta wajen Mokola ya dawo da ita, Allah ya saka masa. Tun daga ranar muka ɗinka lambar wayata a gefen mayafanta duka, muka sanar da maƙwabta, Hausawa da Yarbawa.

Na shida, asibiti. Idan tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce baƙin ciki ne kawai. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, rashin shan ruwa, rashin bayan gida, suga, duk suna ruɗa tsoho, kuma suna da magani. Kada a je kemis a sayo maganin barci a ɗura masa, yana jawo faɗuwa da karaya. A riƙa auna jini. A duba ido da kunne, domin wanda ba ya ji sosai ruɗewarsa ta fi yawa. Asibitin Koyarwa na UCH yana da sashen tsofaffi na musamman tun 2012, ga shi nan kusa da mu, da ƙafa ma ana zuwa. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ciwon ba, amma akwai abin da ke sauƙaƙawa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Na ƙarshe, masu jinya. Iyayenmu mata, ku ne da aikin. Matata ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, ita ke wanki, ita ke shan zagi, har ta zama ɓarauniya a bakin Gwaggo. Ni ina rumfa ina karɓar yabo wai na riƙe gwaggona. Mu maza mu ji kunya. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Mai jinya in ba a hutar da ita ba, wata rana za ta ɗaga hannu, kuma laifin namu ne duka.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. A kafa ƙaramin kwamiti, maza da mata, su san gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi, cikin sirri ba tare da tallar kowa ba. A tsara ziyara, musamman bayan an watse daga makoki, domin a lokacin ne gida ke yin shiru, kuma mai ziyara ta zauna awa biyu matar gida ta samu ta runtsa. Sannan a ware wani abu daga asusu don kuɗin mota da kati, ga tsofaffin da ba su da kowa. Muna da su, waɗanda suka zo neman kuɗi tun suna samari, abokin ɗakinsu ya rasu, ba ɗa ba jika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwaggo tana nan da rai. Yanzu in ta ce Babana, ina jin mahaifin nata take gani da gaske. Ba na gyara mata. Jiya da na miƙa mata goro ta ce, "Ka ajiye wa Malam rabi." Na karɓa na ce to.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada. In ya nufe mu da tsawon rai, ya bar mu da hankalinmu, in kuma ya karɓa, ya haɗa mu da masu tausayi.